Koyar da Ispaniyanci a jami'a: me za a ci da shi?

Duk shekara, idan damina ta yi sallama aka shiga watan Oktoba, akan yi wata gardama a gidaje da yawa, daga Kwatanu zuwa Abijan, daga Dakar zuwa Yawunde, har da gidajen ƴan Nijar masu tura ƴaƴansu karatu can bakin teku. Yaro ya samu bak, an kafa jerin sunaye, ya duba ya tarar an sa shi sashen Ispaniyanci, harshen da ƴan makaranta suka fi sani da sunan espanyol. Ya koma gida ya faɗa. Uban, ko ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, tambayarsa guda ce: "To, me za a ci da shi?" Likita an san abin da zai ci, mai karatun shari'a haka, Ingilishi ma an san yana da rana a kan hanyar Kano da Legas. Amma harshen mutanen da ba su taɓa mulkin ƙasar ba, ba su kuma yi iyaka da ita ba, wane uba ne zai ga dalilin kashe masa shekara uku? Yaron ba shi da amsa. Sai ya ɗauki tambayar ya kai ta aji, ya zauna da ita gaban malami ba tare da ya furta ba. Malamin da bai shirya amsarta ba, aikinsa ya fara tangarɗa tun ranar farko.

Kafin a zo ga amsar, ya kamata a san girman abin da ake magana a kai. Mutanen da suka sha Ispaniyanci a nono sun kai kusan miliyan 500, kuma babu harshen uwa da ya fi shi yawan jama'a sai na mutanen Sin. Da shi ake mulki a ƙasashe 20, babbarsu Meksiko, wadda ta ninka Ispaniya kanta yawan mutane fiye da sau biyu. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kuma cikin na Tarayyar Afirka. Wani babban bincike da aka buga a 2014 ya ƙidaya masu koyonsa kusan miliyan 1 da rabi a Afirka ta kudu da Sahara, kuma mafi yawansu a ƙasashen da Faransa ta raina suke. Ƙididdigar cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Ispaniya ta kafa a 1991 don yaɗa harshen, ta nuna Kwaddibuwa da fiye da rabin miliyan, Benin da wajen 400.000, sai Sanigal da Kamaru da Gabon suna biye. Duk da haka, sai a watan Disamba na 2021 ne cibiyar ta buɗe cikakken gidanta na farko a kudu da Sahara, a Dakar.

Wannan jinkiri ya nuna ta inda harshen ya biyo: ta Paris ya zo. Tsarin makarantar Faransa na wancan zamani ya tanadi ɗalibi ya ƙara harshen waje na biyu tun aji na uku na kwaleji, ƙasashen da suka gaji tsarin kuwa suka gaji wannan doka tare da shi, da littattafanta da irin jarrabawarta. Ke nan malaman Afirka ne suka riƙe harshen shekara da shekaru, su suka koyar da shi a kwaleji da lise, su suka kafa sassansa a jami'o'in Abijan da Abome-Kalabi da Dakar da Yawunde da Librebil, wasunsu kuwa har suka yi ritaya ba su taɓa kwana ɗaya a ƙasar da ake jin sa a kasuwa ba.

Waɗanda ke zaune gaban malami

Malamin da ya shiga babban zauren lacca a makon farko, ba mutane iri guda yake tararwa ba. Akwai waɗanda takarda ta jefo su, sun nemi shari'a ko tattalin arziki ba su samu ba, suna zaune kamar fasinjan da ya shiga motar garin da ba shi zai je ba. Akwai waɗanda ƙwallo ya kawo: sun tashi suna jin labarin Samuel Eto'o na Kamaru da Seydou Keita na Mali a Barsalona, da Frédéric Kanouté a Sebiya, sun san sunayen ƴan wasan Real Madrid fiye da na ministocin ƙasarsu. Akwai waɗanda suka gaji sha'awar daga gida, inda uwa ta bi wasan Marimar na Meksiko a telbijin, ko kaka ya yi rawar kiɗan Kuba a zamanin samun ƴanci, lokacin da samarin Mali suka tafi Habana koyon kiɗa a 1964 suka kafa ƙungiyar Maravillas de Mali. Akwai kuma masu shiru, waɗanda jikinsu ke cikin aji amma zuciyarsu tana kan hanyar Turai.

Abin da ya haɗa su duka shi ne shekara biyar da suka yi suna karanta harshen kafin bak, da kuma ɗan abin da suka fito da shi. Ɗalibi yana iya jero sauye-sauyen aikatau kamar mai tilawa, ya rubuta sharhin shafi biyu a kan wani rubutu, amma in aka ce ya tambayi kuɗin kilo guda na shinkafa sai bakinsa ya mutu. Laifin ba na kwanyarsa ba ne. An horar da shi ne don ya ci jarrabawar da ake yi da alƙalami, ya kuwa ci. Aikin farko na malamin jami'a, saboda haka, shi ne ya buɗe bakin da aka rufe shekara biyar, ya kuma kawar da tsoron kuskure, tsoron da aka dasa tun firamare, zamanin da ake rataya wa yaro alamar wulaƙanci in ya yi harshen gidansu a farfajiyar makaranta.

Gada mai ramuka

Faransanci yana taimaka wa ɗalibi ƙwarai, babu mai musun haka. Shi da Ispaniyanci ƴaƴan Latin ne, mai jin ɗaya yana iya gane rabin jaridar ɗayan tun makon farko. To amma wannan sauƙin shi ne ke yaudara. Ɗalibi sai ya ɗauka in ya liƙa "o" ko "a" a ƙarshen kalmar Faransanci ya yi Ispaniyanci, alhali kalmomi da yawa sun yi kama a fuska sun saɓa a ma'ana. "Salir" a Faransanci ɓata abu ne da dauɗa, a Ispaniyanci fita ne. "Subir" can shan wahala ne, nan hawa ne. "Largo" dogo ne, ba mai faɗi ba. Mace in ta ce tana "embarazada", ciki gare ta, ba kunya ta ji ba. Ma'aikacin da aka miƙa wa takardar cikewa ya ga an rubuta "nombre", in ya bi Faransanci sai ya rubuta lamba a inda ake neman sunansa. Ɗan kasuwar da ya karanta "largo" a takardar odar kaya ya ɗauka faɗi ne, zai karɓi kwantenar da ba ita ya saya ba.

Jinsin kalmomi ma yana juyawa: madara da gishiri da jini maza ne a Faransanci, mata ne a Ispaniyanci. Akwai kuma wani lokacin aikatau na abin da ya wuce, wanda Bafaranshe ya bari a littafi ba ya faɗinsa a hira, shi kuwa mai Ispaniyanci da shi yake ba da labarin abin da ya ci jiya. Malami mai basira ba ya hana ɗalibi bin wannan gada, tun da ita ce mafi kusa, sai dai yakan nuna masa ramukan tun da wuri, ya maimaita su har su zauna.

Ƙofar da aka bari a rufe

Abin takaici shi ne akwai wata ƙofa da ta fi gadar nan kusa, ga ɗalibin da ya tashi da Hausa, amma da wuya a ji malami ya taɓa ta. Wasulan Ispaniyanci biyar ne rak, a, e, i, o, u, daidai da waɗanda ake rubutawa a Hausa, babu na hanci, babu waɗanda ake murɗa leɓe kamar na Faransanci. Ana kuma karanta kalma yadda aka rubuta ta. Harafin "r" da ke wahalar da Bafaranshe da Ba'amurke, wanda ke raba "pero", wato amma, da "perro", wato kare, Bahaushe yana kaɗa shi a kan harshe tun yana yaro, duk lokacin da ya ce biyar ko tara. Harafin "j" na Ispaniyanci kuwa, wanda ake gogawa a maƙogwaro, duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi, ɗan'uwan harafin kha ne na Larabci.

Nahawu ma haka. Yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne a Ispaniyanci, kamar "casa" da "mesa", yadda riga da kujera da mota suke mata a Hausa. Kuma yadda Hausa ke da ƴan tawaye irin gida da ruwa da suna da nama, masu ƙarewa da "a" alhali maza ne, haka Ispaniyanci ke da "día" da "mapa" da "problema". Babbar matsalar da ke cin makonni a aji, wato bambancin "ser" da "estar", ta taso ne don Faransanci aikatau guda gare shi a inda Ispaniyanci ke da biyu. Bahaushe kuwa bai taɓa haɗa su ba. Yana cewa "malami ne", wannan shi ne "es maestro". Yana cewa "yana gida", wannan shi ne "está en casa". Daidaituwar ba ta kai ko'ina ba, akwai wuraren da harsunan biyu suka rabu, amma abin da ake kwashe wata guda ana bayani ta hanyar Faransanci, ana iya kafa tushensa da jimla biyu ta Hausa. Haka sigar aikatau ta fata da umurni, wadda ɗalibai ke jin sunanta gabansu ya faɗi: ita ce ke cikin "ina so ka zo" da "Allah ya taimake ka", kuma mai Ispaniyanci a irin waɗannan wurare yake amfani da tasa. Kalmar girmamawa "usted" ma an gutsuro ta ne daga wata tsohuwar gaisuwar fada mai nufin "alfarmarku", abin da mai cewa ranka ya daɗe ba zai yi mamakinsa ba.

Hausa tana da nata cikas, kuma sanin su ribar malami ce. Ba ta raba "p" da "f", don haka ɗalibi yana iya cewa "fuente", idon ruwa, alhali "puente", gada, yake nufi. Baƙaƙen da ke haɗuwa ba wasali tsakani, kamar a "tres" da "trabajo", suna jan bakinsa ya cusa musu wasali. Sai batun nauyin murya: "hablo" ina magana ne, "habló" ya yi magana ne, bambancin duka a gaɓar da aka danna yake. Kunnen da ya saba da Faransanci, inda nauyi kullum a ƙarshe yake, ba ya kama wannan da sauri. Amma kunnen da ke raba kukan yaro da kukar miya ta hawa da saukar murya kawai, ya riga ya iya aikin, tunatarwa yake bukata.

Zumuncin da ke cikin kalmomi

Akwai darasin da ke tayar da aji daga barci duk lokacin da aka yi shi, wato na kalmomin Larabci. Musulmi sun shiga ƙasar a shekarar 711, mulkinsu na ƙarshe kuma ya faɗi a Garanada a 1492, shekarar da Antonio de Nebrija ya buga littafin nahawun harshen na farko. Ƙarni takwas ɗin nan sun bar kalmomi da masana ke ƙiyasta su kusan 4.000, in an haɗa da sunayen wurare. Abin sha'awa shi ne Ispaniyanci ya aro su yadda Hausa ta aro nata, ya haɗiye "al" ɗin farko tare da kalmar. Magajin gari a can "alcalde" ne, asalinsa ɗaya da alƙali. "Azúcar" da sukari, "aceituna" da zaitun, "hasta" da hatta, duk ƴan ɗaki ɗaya ne. "Ojalá", da mutumin Madrid ko na Habana ke faɗa in yana fatan abu, sunan Allah ne a ƙarshenta. Ɗan kasuwa zai fi jin daɗin waɗannan biyu: "aduana" ita ce duwan da yake biya a iyaka, "almacén" kuma mangazar da yake ajiye kaya, kalmomin Larabci ne da suka zagaya ta Turai, suka dawo Maraɗi da Damagaram ta bakin Faransawa.

Mutane ma sun bi hanyar kalmomin. Abu Ishaƙ al-Sahili, mawaƙi ɗan Garanada, ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324 ya biyo shi Mali, kuma shi ake danganta wa ginin masallacin Jingarebar na Tumbuktu. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Léon l'Africain, shi ma haihuwar Garanada ne, kuma a littafinsa da aka buga a Benis a 1550 ya yi bayanin Agadas da Gobir da Katsina da Kano. Judar Basha, da ya jagoranci rundunar Maroko ta karya daular Sanwai a Tondibi a 1591, a kudancin Ispaniya aka haife shi, kuma wannan yaƙin ne ya tura ragowar Askiyoyi kudu zuwa Dendi. Ɗalibin da ya ji wannan ya daina ganin harshen kamar baƙon da babu abin da ya haɗa su.

Daga nan tambaya ta biyu take tasowa: wane Ispaniyanci za a koyar? Littattafan da aka gada na Madrid ne, alhali cikin masu harshen goma, tara ba a Ispaniya suke ba. Furucin Meksiko daban, na Kuba daban, na Ajantina daban, kuma babu wanda ya fi wani halacci. A Afirka kanta akwai Gini Ekwatoriyal, wadda ta samu ƴanci a 1968, take kuma amfani da kuɗin sefa na Afirka ta Tsakiya tun 1985, inda Hausawa ƴan kasuwa suka daɗe da zama a Malabo da Bata. Don Quijote na Cervantes, wanda kashinsa na farko ya fito a 1605, ba za a fitar da shi daga manhaja ba. Amma ɗalibin Afirka yana da haƙƙin a haɗa masa shi da Nicolás Guillén na Kuba, da Manuel Zapata Olivella na Kolombiya, waɗanda suka yi rubutu a kan jikokin bayin da aka kwasa daga gaɓar nan, da kuma Donato Ndongo da María Nsue na Gini, waɗanda suka rubuta Afirka da wannan harshe.

Zaure cike, littafi babu

Duk wannan mai sauƙin faɗa ne. Yanayin aikin shi ne ke karya gwiwa. A lissafa: ajin da ke da ɗalibi 200, in malami ya yi shiru tsawon awa guda ya raba musu lokacin daidai, kowa daƙiƙa 18 zai samu. Harshe kuwa ba a koyonsa da kallo, kamar yadda ba a koyon tuƙi daga kujerar baya. Malaman da suka fi cin nasara su ne waɗanda suka haƙura da tsayawa gaban allo suna zuba, suka raba zauren biyu-biyu ko huɗu-huɗu, wannan mai saye wannan mai sayarwa, wannan majinyaci wannan likita, wannan direban babbar mota wannan ma'aikacin duwan. Hayaniya takan yi yawa, kuskure ya yi yawa, amma kowa ya yi magana minti ashirin maimakon daƙiƙa 18. Gyaran kuskure ma yana da ƙa'ida: wanda aka katse a kowace kalma ba zai sake ɗaga hannu ba, wanda kuma aka ƙyale gaba ɗaya kuskurensa zai daskare. Malami yakan bari ɗalibi ya kai aya, sannan ya ɗauki kuskure ɗaya ko biyu da suka fi yawa a ajin ya warware su a allo ba tare da ambaton sunan kowa ba.

Wayar salula ta sauya lissafin ta fuska biyu. A da, malami yakan yi shekara yana juya kaset guda har ya tsinke. Yau ɗalibi yana da rediyon Madrid da na Bogota da sharhin ƙwallo kai tsaye a aljihunsa, in dai yana da kuɗin intanet. Amma wayar nan ita ce kuma ke fassara masa aikin gida cikin ƙiftawar ido, ya kawo rubutu mai tsabta wanda shi kansa bai san abin da ke ciki ba. Hana waya ba zai yiwu ba. Abin da zai yiwu shi ne a mayar da nauyin maki kan abin da ɗalibi ya faɗa da bakinsa da abin da ya rubuta a gaban malami, a kuma koya masa duba aikin na'urar ya gano inda ta yi kuskure, domin wannan shi ne aikin tafinta na zamanin nan.

Masu kallon teku

Sai kuma masu shirun nan da aka ambata. A 2006 mutum fiye da 31.000 suka isa tsibiran Kanari cikin kwale-kwale daga gaɓar Afirka ta Yamma. A 2024 adadin ya wuce 46.000. Ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙiyasta cewa a wannan shekara ta 2024 kaɗai, fiye da mutum 10.000 ne suka mutu ko suka ɓata a hanyoyin zuwa Ispaniya. Malamin Ispaniyanci ya san wasu daga cikin ɗalibansa don wannan tafiya suke koyo, kuma yana tsakanin wuta biyu. In ya ƙawata ƙasar don ya jawo sha'awa, ya zama mai kiran kasuwar masu kwale-kwale. In ya yi wa'azi, ba a saurare shi. Hanyar da ta rage masa ita ce gaskiya: ya kawo jaridun can a karanta a aji, a ga ƙasar da filayen ƙwallonta, a kuma ga rumfunan leda na Almeriya, inda baƙi marasa takardu ke tsinkar tumatir cikin zafi. Ya koya musu kalmomin kwangila da albashi da izinin zama, ya nuna musu cewa akwai hanyar neman gurbin karatu da biza, wadda harshen ke buɗewa. Wanda ya ƙudurta tafiya zai tafi, amma gara ya tafi yana iya karanta abin da zai sa wa hannu.

Amsar da uba ke jira

To me za a ci da shi? Amsar gaskiya ba ta da daɗi duka. Ispaniyanci shi kaɗai, in ba a haɗa shi da komai ba, aikin da ya fi bayarwa shi ne koyarwa: malami ya koyar da ɗalibi, ɗalibi ya zama malami, a yi ta zagaye, guraben kuwa ƙididdigaggu ne. Ko a Amurka, inda ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 62 ƴan asalin ƙasashen wannan harshe, inda kuma ya fi kowane harshen waje masu karatu a jami'a, ƙididdigar 2021 ta nuna masu rajistarsa sun ragu da kusan kashi 18 cikin 100 daga 2016. Dabarar da jami'o'in can da yawa suka ɓullo da ita ita ce su ɗaura harshen a kan sana'a: Ispaniyanci don ma'aikatan asibiti, don lauyoyi, don ƴan kasuwa.

Wannan dabara ta fi dacewa da nan fiye da can, kuma hujjarta tana cikin buhunan da ake aunawa a jihar Maraɗi. Ayar da ake nomawa a nan, wani kasonta Ispaniya take tafiya, inda ake kiran ta "chufa", mutanen Balensiya kuma su yi da ita "horchata", wadda ba komai ba ce illa kunun ayarsu. Tsakanin manomi da mai shan kunun akwai dillalai da masu jirgi da takardun ingancin kaya, kuma duk wanda ba ya iya karanta takardar ko ya tambayi farashin can da bakinsa, abin da aka ce masa shi zai karɓa. Haka mai odar karo na daɓen ɗaki daga Kasteyon, haka ma'aikacin da ke zama teburin shawara da hukumomin agaji na Ispaniya, haka ɗalibin likitanci da Kuba ta ba gurbi, wanda sai ya fara koyon harshen kafin ya taɓa littafin magani. A duk waɗannan wurare, wanda ake nema shi ne mai sana'a a hannu da harshe a baki.

Saboda haka uban da ɗansa ya faɗa wannan sashe, maimakon faɗa, gara ya ɗora masa sharaɗi biyu: ya haɗa karatun da lissafin kuɗi ko harkar fiton kaya ko shari'ar kasuwanci, ya kuma nemi takardar shaidar DELE, wadda cibiyar Cervantes ke bayarwa da sunan ma'aikatar ilimin Ispaniya, ake kuma karɓarta a ƙasashen waje. Su kuwa magabatan ilimi, tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, lokaci ya yi da za su sa masana su rubuta ɗan littafin koyon Ispaniyanci kai tsaye daga Hausa, da ƙamus ko da na kalmomi dubu biyu ne, wanda ɗan lise da ɗan kasuwa za su iya saye. Aikin ba ya bukatar gini ko mota. Malamai kaɗan da shekara guda sun isa. Allah ya sa masu iko su ji, ya kuma ba malaman haƙurin zaure mai cike.